Na San Kakan Dokin Amurka, Ban San Uwar Dokin Maƙwabcina Ba

Duk shekara idan bazara ta kankama, harawa ta yi tsada a Roni, dawakin gari suka fara nuna haƙarƙari, abokaina sukan aiko mini da tambaya guda: bana wane doki ka tsayar? Suna nufin gasar Kentucky Derby, wadda ake yi a birnin Louisville na Amurka ranar Asabar ta farko a watan Mayu, tun daga 1875. Dawaki 'yan shekara 3 ne kaɗai ke shiga, ba sa wuce 20, nisan kuwa kimanin mita 2,000 ne. A agogonmu ana sakinsu gab da ƙarfe sha biyun dare, kuma kafin mutum ya gyara zama an gama, domin abin duka minti biyu ne da 'yan daƙiƙoƙi. Ba na caca, ba na kuma ba kowa shawarar ya yi. Daɗin da nake ji shi ne in auna doki da hankalina, in faɗi ra'ayina a gaban mutane, sannan fili ya gaskata ni ko ya kunyata ni.

Dokin da kowa ya yi wa caa ba ya cikin zaɓina, kuma ina da hujja. Tun da Justify ya ci a 2018, aka jera shekaru bakwai, daga 2019 zuwa 2025, ba tare da dokin da jama'a suka fi sa wa rai ya zo na ɗaya ba. A 2024 Fierceness ne gwanin kowa, ya ƙare na 15. Dalilin ba asiri ba ne. Dokin da ya yi suna yawanci ya yi shi ne a ƙananan gasa, inda abokan karawarsa ba su da yawa, hanya kuma a buɗe take, kuma Bahaushe ya riga ya ce doki ɗaya a fage gudu gare shi. Ranar da aka cusa shi cikin 19 'yan uwansa, ƙasa na fantsama masa a ido, ana matse shi a kwana, ran nan ake sanin ko yana da zuciya.

Wanda nake nema shi ne mai ajiyar ƙarfi, wanda ba ya rawar kai a farkon tsere. Idan na duba tarihin gudun doki, ba na fara duba sau nawa ya ci. Ina duba yadda ya ƙarasa: a mita 400 na ƙarshe, ƙaruwa yake yi ko raguwa? Abin da ya sa har yau ake ambaton Secretariat, wanda ya gama cikin ƙasa da minti 2 a 1973, kuma ba a karya wannan lokaci ba har yanzu, shi ne kowane kashi na tseren ya gudu shi da sauri fiye da wanda ya gabace shi. Irin wannan ba a samunsa kullum, amma ana samun ƙannensa. A 2022 na gaba suka tashi da gudu kamar ana korarsu, suka ƙone kansu tun kafin kwanar ƙarshe, sai wani doki mai suna Rich Strike, wanda aka saya dala 30,000, wanda ma bai samu gurbi ba sai da wani ya janye ana gobe gasa, ya ratso ta gefen shinge daga can baya ya cinye su. Ban zaɓe shi ba, kada in yi ƙarya. Amma tun daga ran nan, idan na ga jerin 'yan gasa ya cika da masu son gaba, sai in koma neman wanda zai bari su gama haukansu.

Akwai kuma son zuciya, wanda ba na ɓoyewa: duk dokin da ya taso daga nesa ina bayansa. A 2024 Forever Young ya zo daga Japan, aka isa layi shi da Mystik Dan da Sierra Leone kusan hanci da hanci, sai da hoto ya raba gardama, ya zo na uku. Shekara ta zagayo ya je Riyad ya ci Kofin Saudiyya, gasar da kyautarta ta kai dala miliyan 20.

To, ga abin da ke damuna. Duk wannan bayani na tattara shi ina zaune a Roni, da waya a hannu. Na san uban kowane doki a cikinsu, da uwarsa, da kakanninsa, da ranar haihuwarsa, da daƙiƙoƙin da ya yi a kowace gasa. Amma a tambaye ni game da hurden da ke ɗaure a turke gida uku tsakanina da shi, wanda nake gani yana ƙilisa kowace yamma: wace goɗiya ce ta haife shi? Ban sani ba. Mai shi ma bai sani ba. Ya saye shi a kasuwar Maigatari wata Alhamis, dillali ya ce daga Nijar aka kawo shi, aka buɗe baki aka duba haƙori aka ƙiyasta shekaru, aka yi ciniki. Iyakar tarihinsa ke nan.

Haka abin yake idan aka je filin sukuwa a Kano ko wani gari. Ka tsaya cikin 'yan kallo ka saurari yadda ake tsayar da gwani. Dokin Alhaji wane ne, ai da tsada aka sayo shi. Ɗan Sudan ne, dubi tsayinsa. Mahayinsa ba ya tsoro. Wani ma launi yake bi, akawal ko kili. Duk waɗannan suna da ɗan amfani, amma sunan mai doki ba ya gudu, kuɗin da aka biya ma haka. Abin da ya kamata a sani, wato me dokin nan ya yi a wannan nisa a baya, da wa ya kara, cikin daƙiƙa nawa, da wuya ka samu wanda zai ba ka shi a rubuce. Doki yakan sauya hannu ya sauya suna, ya bayyana a wani gari a matsayin sabo, wanda ya taɓa kayar da shi bai gane shi ba.

Kada a ɗauka mu baƙi ne a harkar doki. Masarautar Kazaure, wadda Ɗan Tunku ya kafa a 1819, a bayan doki aka kafa ta, a bayan doki aka tsare ta. Har gobe idan Sallah ta zo hakimai na shiga Kazaure da dawakinsu, a yi hawa, a yi jahi a gaban Sarki. A Katsina, Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Sarki Usman Nagogo sun ɗaga wasan folo har sunan garin ya kai ƙasashen waje. Muna da sunan kowane launi, muna bambanta ingarma da ƙuru, muna da Ɗan Azbin da ake yi wa kirari. Ilimin yana nan, sai dai a ƙirjin mutane yake. Ina yaro akwai wani tsoho mai kula da barga a garinmu, wanda idan ya dubi duƙushi zai gaya maka uwarsa da uwar uwarsa, da garin da aka kai ta barbara, da halin da zai yi idan ya girma. Allah Ya ji ƙansa. Ranar da aka kai shi makwanci, da asalin dawakin yankin nan na shekaru masu yawa aka rufe shi.

Turawan Ingila ba su fi shi ido ba. Abin da suka yi daban shi ne a 1791 suka fara buga littafin asalin dawakin tsere, suka kuma riƙe shi ba yankewa. Dawakin da ke gudu a Kentucky a yau duk suna komawa ta wajen uba ga ingarmu uku da aka kai Ingila daga ƙasashen gabas fiye da shekaru 280 da suka wuce, kuma mafi yawansu ga guda ɗaya, wanda aka sayo a Halab ta Siriya a 1704. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, gaskiya ne, amma sai ka san wace ce barewar kafin karin maganar ya yi maka amfani. Mu da ba mu rubuta ba, mai kuɗinmu idan yana son cin gasa sai ya aika a sayo masa daga waje, ya ci shekara biyu ko uku, dokin ya tsufa, a sake aikawa. Dokin gida kuwa, mai jure rana da ƙishirwa, wanda ke hawa duwatsun Roni da dusa da ɗan gero da kanwa, ana ta gauraya shi ba lissafi, babu mai iya cewa wane jini ne ya fi, balle a adana shi.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Tsarin nasu ba tsarkakakke ba ne. Caca ce ke ɗauke da shi. An matse jini wuri guda don neman gudu. An ƙwace nasarar da Medina Spirit ya yi a 2021 saboda maganin da aka samu a jikinsa, a 2023 kuma dawaki 12 suka mutu a filin Churchill Downs cikin 'yan makonni, har aka dakatar da tsere a wurin. Ba na fatan mu kwaso wannan. Amma a lura, an san adadin waɗanda suka mutu ne domin ana ƙirgawa. Mu dokin da ya karye a fili, bayan mai shi da yaron barga, wa ke tunawa da shi bayan mako guda?

Abin da nake roƙo ƙarami ne. Littafi guda a gidan kowane hakimi, a Roni da Gwiwa da Babura da Kazaure, inda za a rubuta duk duƙushin da aka haifa: uwa, uba, shekara, launi, da hotonsa. A ƙasar Hausa sarautar Shamaki tun asali ta kula da bargar sarki ce, don haka aikin yana da mazauni a al'ada, ba sai an ƙirƙiro wata hukuma ba. A filin sukuwa kuma, a auna nisa sau ɗaya da gaske, a sa mutum biyu su riƙe agogo, wanda yanzu yana cikin kowace waya, a rubuta sakamako a ajiye. Bayan shekara goma mai goɗiya a Amaryawa zai san inda zai kai ta, dillali kuma zai rage rantsuwa.

Ni dai na fara nawa. Na sayi littafi mai bango mai ƙarfi, na shiga gidaje huɗu a unguwarmu, na rubuta dawaki shida. A cikinsu biyu kaɗai aka iya gaya mini uwarsu. Ranar Asabar da dare zan kunna waya in bi mai zuwa daga baya, kamar kullum, da safe kuma in ci gaba da zagaye, domin an ce mini akwai goɗiyar da ke gab da haihuwa a bayan kasuwa, kuma mai ita ya san ingarman.