Korar Baƙi Da Yi Musu Afuwa: Ikon Wa Ne?

Ran 17 ga Janairu, 1983, Ministan Al'amuran Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Nijeriya. An ƙiyasta mutum wajen miliyan 2 suka fita, akasarinsu 'yan Gana, sai 'yan Nijar da Chadi. Majalisar Tarayya ba ta yi wata sabuwar doka ba. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta dogara ne da Dokar Shige da Fice ta 1963. Haka kuma a Yuli, 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa baƙi marasa takardu afuwar wata shida domin su yi rajista. Watau kora da afuwa duk daga bakin masu zartarwa suka fito, alhali Tsarin Mulki ya ɗora yin dokar shige da fice a wuyan Majalisar Tarayya.

Babu inda wannan magana ta fi shafa kamar unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu. A can Bakatsine da ɗan Maraɗi harshensu ɗaya, tufafinsu ɗaya, sahunsu ɗaya a masallaci. Ranar da aka ce a kama baƙi, jami'in da bai san Arewa ba da me zai rarrabe su? Sai ɗan ƙasa ya zama baƙo a Inugu, garin da Malam Umaru Altine ya yi magajinsa a shekarun 1950.

Wanda ke ganin abin da wuya ya tuna da Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Jihar Borno, wanda aka kai iyakar Chadi a Janairu, 1980, wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne, sai da kotu ta maido masa da haƙƙinsa. In haka ta sami ɗan majalisa, ina ga mai shayi da mai gadi?

Dokar 2015 ta maye gurbin ta 1963, amma aikin majalisa bai ƙare ba. Wajibi ne wakilan jama'a su rubuta ƙa'idar kora da ta afuwa filla-filla: tsawon wa'adi, shaidar zama ɗan ƙasa, da hanyar ɗaukaka ƙara, sa'an nan Minista ya zartar. Abin da sanarwa ta bayar yau, sanarwa na iya ƙwace shi gobe.