Ra'ayinmu: Ku tambayi ɗanku, ya karanta littafin kuwa?

Iyayenmu mata na kasuwar Gure, da ku fatake masu kanwa da dabino, wannan magana taku ce, domin daga aljihunku kuɗin fotokopi da na buga takarda suke fitowa duk lokacin da ɗanku ko 'yarku za su rubuta kundin kammala karatu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko ta Abdou Moumouni a Yamai.

A ƙarshen kowane kundi akwai jerin littattafan da ɗalibi ya dogara da su. Wasu malamai ba sa tsayawa ga sunaye kawai, suna so a ƙarƙashin kowane littafi ɗalibi ya ƙara layi uku ko huɗu: wa ya rubuta, yaushe, me ya ƙunsa, ina ya yi amfani, ina kuma ya gaza. Mu muna bayan waɗannan malamai. Ba mai sayen buhun gero bai soka hannu ya ga ƙwayar ba, to don me za a karɓi sunan littafin da ba a buɗe ba? Yau waya tana iya zubo wa yaro jeri guda cikin minti ɗaya, wani lokaci har da littattafan da ba a taɓa rubutawa ba. Ranar kare kundi, tambaya ɗaya ta isa ta tona asiri, kuɗinku kuma sun tafi.

Ga misali daga gida. Ɗalibin da ke bincike kan cinikin kanwa zai sa Heinrich Barth, Bajamushen da ya sauka Gure a ƙarshen 1852, lokacin tana babban birnin Muniyo. Sai ya bayyana cewa Barth baƙo ne mai wucewa: ya ga abin da ya gani, amma bai zauna ba. Zai sa littafin André Salifou na 1971 kan sarautar Damagaram, ya ce labari ne daga ɓangaren Zinder. Akwai na Stephen Baier na 1980 kan tattalin arzikin wannan yanki, da na Paul Lovejoy na 1986 kan gishiri da kanwa, dukkansu da Turancin Ingilishi. Wanda bai jin Ingilishi ya faɗi gaskiya, ya ce ta wurin wa ya samu bayanin.

Kuma kada ku raina kanku. Baier da bakin tsofaffin fatake ya cike giɓin takardun Nasara. In ɗalibi ya zo rumfarki, Hajiya, yana tambayar yadda ake auna kanwa a da, ki ba shi lokaci in ciniki ya lafa. Amma ki ce ya rubuta ranar hirar da wurin, da sunanki in kin yarda, ya kuma dawo ya karanta miki abin da ya rubuta kafin ya miƙa wa malaminsa.