RA'AYI: Kwamfutar tebur za ta iya riƙe kasuwanci, idan aka daina ɗaukar ta a matsayin ta kowa

Duk wanda ya leƙa bayan kanta a manyan shagunan Wuse da Garki, ko kantin magani a Kaduna, ko ofishin karɓar kuɗin makaranta a Jos, zai tarar da tsari kusan iri ɗaya. Kwamfuta uku ko biyar aka haɗa da waya, kowacce tana buɗe manhaja guda ta ciniki, lissafin haja da albashi. Bayanan kuwa suna cikin guda ɗaya tak, wadda masu gyara ke kira saba, wasu kuma uwar garke. Idan ka nemi a nuna maka ita, da wuya ka ga wata na'ura ta musamman a ɗaki mai sanyi. Kwamfutar tebur ce irin ta kowa, galibi ta hannu da aka sayo a Banex ko a Computer Village da ke Ikeja, tana ƙarƙashin teburin akanta, kusa da ƙafarsa.

Masana fasahar zamani da dama suna kallon wannan a matsayin ganganci. Shawararsu ba ta wuce biyu: ko a sayi saba ta ainihi, ko a kwashe komai a mayar gajimare, wato a riƙa biyan haya ga kamfanin da zai ajiye bayanan a nasa rumbun ta intanet. Ina ganin duk shawarwarin biyu suna da muhallinsu, amma ban yarda cewa ɗan kasuwa mai ma'aikata goma da ya zaɓi kwamfutar tebur ya yi wauta ba. A halin da Najeriya ke ciki, sau da yawa shi ne ya fi mai ba shi shawarar sanin lissafi.

A fara da kuɗi. Yawancin manhajojin gajimare na ƙasashen waje da dala ake biyan su, kuma kowane ma'aikaci da nasa kuɗin duk wata. A ɗauka, a matsayin misali, dala 30 ce ga mutum guda, ma'aikata biyar ke amfani da ita: dala 150 ke nan. Kafin Babban Banki ya saki naira a watan Yunin 2023, lokacin da dala ke kusan naira 460 a farashin gwamnati, wannan naira 69,000 ce. Da dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kuɗin ya zama naira 225,000, ba tare da an ƙara wa manhajar ko maɓalli ɗaya ba. Ga kuma shekarun da bankuna suka dakatar da biyan kuɗi a ƙasashen waje da katin naira, inda mutum ke da kuɗinsa a asusu amma ba shi da hanyar biyan hayar. A ɗaya ɓangaren, kwamfutar tebur mai cin wat 100, ko da dare da rana take kunne, ba ta wuce kilowat-awa 2.4 a yini. A farashin naira 225 da aka sanar wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, kusan naira 540 ke nan a kullum.

Sai batun intanet. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin ƙarƙashin teku da ke kawo intanet Afirka ta Yamma suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da kamfanoni a Najeriya suka shiga tasku na kwanaki. Wannan babban lamari ne da duniya ta ji. Ƙananan da ba a ji su ne suka fi yawa: mai aikin titi ya datse wayar fayiba, data ta ƙare da tsakar rana, hadari ya taso sabis ya ɗauke. A Janairun 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Kashiya mai layin mutum goma a gabanta ba ta da lokacin jiran shafi ya buɗe. Idan rumbun bayanan na cikin shagon, rasit na fita nan take, da intanet ko babu.

To, me saba ta ainihi ke da shi da kwamfutar tebur ba ta da shi? An ƙera ta ne don ta yi shekaru ba a kashe ta ba. Tana da ƙwaƙwalwar da ke gano kuskure ta gyara da kanta, tana da faifan ajiya fiye da ɗaya da ke kwafar juna, sau da yawa da akwatin wuta biyu, idan ɗaya ya ƙone ɗayan ya ci gaba. Duk wannan gaskiya ne, kuma banki ko babban asibiti ba shi da uzurin rashin sa. Amma aikin shago mai kwamfuta biyar bai kai ya wahalar da kwamfutar tebur ta zamani ba. Manhajoji irin su Sage 50, QuickBooks da TallyPrime duk suna da tsarin mutum fiye da ɗaya su yi aiki a kan bayanan da ke cikin kwamfuta guda. Odoo da ERPNext ma, waɗanda ke da nau'in kyauta, ana girka su haka. Iyakokin sananne ne. Lasisin Windows na kwamfutar tebur bai yarda na'ura fiye da 20 su haɗu da ita a lokaci guda don raba fayil ba. Nau'in kyauta na rumbun SQL Server, wanda manhajojin ciniki da yawa da ake rubutawa a gida suka dogara da shi, yana tsayawa a gigabait 10 a bugun 2022 da waɗanda suka gabace shi. Ƙaramin kanti zai yi shekaru bai kusanci ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Inda matsalar take shi ne yadda ake riƙon na'urar. Maigida zai sayi akwatin ƙarfe don kuɗin cinikin yini guda, ya rataya makullinsa a wuya, amma kwamfutar da ke ɗauke da sunan duk wanda yake bin bashi, da farashin da ya saro kowane kwali, da ranar lalacewar kowane magani, ita ce wadda yaran shago ke cajin waya a jikinta. A kanta ake kallon ƙwallo, a kanta ake sa filashin abokin ciniki don a buga masa takarda. Akanta ya tashi da yamma ya kashe ta, alhali na sito bai gama shigar da kaya ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Ranar da aka mayar da kwamfuta uwar garke, ranar ta tashi daga zama kwamfutar wani ma'aikaci, ko da kuwa akantan ne. Wurinta ɗaki ne ko kabad mai makulli da iska ke shiga, sama da ƙasa, a riƙa fitar mata da ƙurar hunturu, domin ƙura da zafi sun fi ɓarayi kashe kwamfuta a Arewa.

Wutar lantarki ita ce babbar abokiyar gaba, kuma illarta ta wuce duhu. Rumbun bayanai ba ya rubuta ciniki a bugu ɗaya: yana rage haja a wuri guda, ya ƙara kuɗi a wani, ya rubuta rasit a na uku. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar haka, manyan rumbuna irin su PostgreSQL da SQL Server suna da littafin bin sawu da suke komawa su daidaita kansu. Manhajar da ke ajiye komai a fayil guda kuwa tana iya wayar gari ta ƙi buɗewa, ko kuma, abin da ya fi muni, ta buɗe da lissafin da ya karkace ba tare da kowa ya lura ba sai ƙarshen wata. 'Yan daƙiƙoƙin da ke tsakanin ɗauke wuta da tashin janareta sun isa yin wannan ɓarna. Shi ya sa batirin tsaro da ake kira UPS yake cikin farashin sabar tun farko, kuma ya kasance irin wanda ake haɗawa da kwamfutar da waya, ya umarce ta ta rufe kanta a tsanake idan cajinsa ya kusa ƙarewa. Akwatin da ke haɗa wayoyin kwamfutocin ma yana buƙatar nasa tsaron, in ba haka ba uwar tana raye, 'ya'yan ba sa ganin ta. Batirin nan kuma yana tsufa da sauri a ƙasa mai zafi. Da yawa daga cikin waɗanda ke ƙarƙashin tebura yanzu kuka kawai suke iyawa. Wanda ya ga yadda yawancin jihohin Arewa suka yi sama da mako guda babu wuta a Oktoban 2024 ya san cewa inbata da sola sun zama wani ɓangare na wannan lissafi.

Daga nan sai kwafin ajiya, wanda kowa ke cewa yana yi. Tambayi mai shago, zai ce wanda ya girka masa manhajar ya saita ta tana kwafar kanta kullum. Tambaye shi ina kwafin yake zuwa, sai a tarar yana cikin faifan kwamfutar da ake tsoron mutuwarta. Wani ya ɗan fi haka, ya sayi faifai na waje, amma ya bar shi a maƙale dare da rana a kan tebur ɗaya. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris ɗin 2016 da ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 ba su tantance tsakanin kwamfuta da faifan da ke kusa da ita ba. Haja da ta ƙone ana iya sake saro ta da taimakon 'yan uwa da masu ba da kaya bashi. Littafin masu riƙe da kuɗinka idan ya tafi, sai wanda ya ji tsoron Allah ya kawo da kansa. Abin da ya dace shi ne kwafi ɗaya ya kwana a wajen ginin kowace rana, ko a faifai biyu da ake musanyawa maigida ya tafi gida da ɗaya, ko a tura shi gajimare da dare a kulle da kalmar sirri. A nan gajimaren yake da amfani ƙwarai, kuma da araha, tunda ajiya kawai ake haya. Sannan a ware rana, ko sau ɗaya a wata uku, a ɗauki kwafin a buɗe shi a wata kwamfuta a ga ko cinikin jiya na ciki. Mutane ƙalilan ne ke yin wannan, kuma su kaɗai ne suka san tabbas suna da ajiya.

Akwai kuma masu garkuwa da bayanai, waɗanda ke kulle fayilolin mutum su nemi kuɗin fansa. A Mayun 2017 manhajar WannaCry ta durƙusar da asibitoci a Ingila ta ƙofar raba fayil ta Windows, ƙofar da ƙananan shaguna ke buɗewa don kwamfutocinsu su ga juna, alhali Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar watanni biyu kafin nan. Waɗanda abin ya shafa ba su sabunta ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wurinmu tsagar ta yi yawa: Windows na sata da ake tsoron sabuntawa kada ya tona kansa, manhajar lissafi da aka fasa, ƙofar shiga daga nesa da aka bari a buɗe don maigida ya duba ciniki daga Dubai, da kalmar sirri 1234. Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, kuma tsofaffin kwamfutocin hannu da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Wanda sabarsa ke cikin wannan rukuni ya kamata ya sauya na'ura, ko ya koma Linux idan manhajarsa na tafiya a kai.

Wannan ba sha'anin maigida kaɗai ba ne. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta adana bayanan lissafi na shekara shida. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, tare da sanar da hukuma cikin sa'o'i 72 idan aka yi kutsen da ka iya cutar da masu su. Asibiti mai gado goma da ke ajiye sakamakon gwajin marasa lafiya a kwamfutar da mai gadi ke sauraron waƙa a kai yana ƙarƙashin wannan doka kamar yadda banki yake.

Abin da ya fi ba ni tsoro a tsarin nan ma mutum ne. A wurare da yawa, matashin da ya girka manhajar shi kaɗai ya san kalmar sirrin rumbun, lasisin da sunansa aka saya, kuma babu takarda ko ɗaya tsakaninsa da mai kasuwancin. Ranar da suka saɓa a kan kuɗi, ko ya samu aiki a wani gari, mai shagon ya zama baƙo a cikin bayanansa. Kafin a biya kuɗin ƙarshe, a karɓi duk kalmomin sirri a rubuce a rufe a ambulan, lasisi ya fito da sunan kamfani, a kuma nuna wa maigida da idonsa yadda ake fitar da jerin kaya da na masu bashi zuwa fayil ɗin da kowace manhaja za ta iya karantawa. Kowane ma'aikaci ya samu sunan shigarsa daban, domin idan kowa na shiga da sunan manaja, ba za a taɓa sanin wanda ya goge rasit ba.

Lokacin rabuwa da kwamfutar tebur yana zuwa, kuma alamunsa a bayyane suke. Idan an buɗe reshe na biyu a wani gari, ko masu amfani sun doshi 20, ko tsayuwar awa ɗaya ta fi kuɗin saba ta ainihi tsada, to an wuce wurin. Haraji ma na tura mutane wannan hanya. A Agustan 2025 hukumar tara haraji ta tarayya ta fara tsarin rasit na lantarki da kamfanonin da cinikinsu ya kai naira biliyan biyar a shekara, da nufin faɗaɗa shi zuwa matsakaita da ƙanana. Sabar da ke cikin shago za ta iya aiki da wannan tsari, muddin manhajar da ke kanta tana da hanyar aika rasit ga hukumar ta intanet. Duk wanda zai sayi manhajar ciniki a bana ya tambayi mai sayarwa ko tasa tana da wannan hanya, nawa ne kuɗin ƙara ta idan babu, kuma a rubuta amsar a cikin yarjejeniya.