Na'urorin taimakon makafi da makomar ɗan jagora

A birnin Istanbul na Turkiyya, wani makaho mai suna Kürşat Ceylan da abokan aikinsa sun ƙera sanda mai suna WeWALK. Sandar da aka saba da ita tana laluben abin da ke ƙasa ne kawai. Wannan kuwa tana aika wani sauti da kunne ba ya ji, da zarar sautin ya ci karo da reshen bishiya ko allon talla daidai ƙirji ko kai, sai mariƙinta ya ɗauki karkarwa. Mujallar Time ta sanya ta cikin fitattun ƙere-ƙeren 2019.

Akwai kuma OrCam MyEye ta Isra'ila, 'yar kyamara da ake maƙalawa a jikin tabarau, ta karanta wa mutum rubutu a kunne, ta gane fuskokin 'yan'uwansa. Manhajar Be My Eyes, wadda aka fara a Denmark a 2015, tana haɗa makaho da ɗan sa-kai ta bidiyo, kuma tun 2024 tana aiki da tabarau na Ray-Ban Meta.

Zancen ya shafi Arewa kai tsaye. Binciken ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya gano makafi fiye da miliyan ɗaya 'yan shekara 40 zuwa sama a Najeriya, matsalar ta fi tsanani a Arewa maso Gabas. Da yawa daga cikinsu suna tafe ne da ɗan jagora, yaron da ke riƙe da sanda a bakin kasuwa yayin da tsaransa ke aji. Duk na'urar da ta ba makaho damar fita shi kaɗai, ta buɗe wa yaron nan ƙofar makaranta.

Sai dai kuɗin OrCam ya kai dubban daloli, kuma ko sandar zamani ba ta rufe kwatar da aka bari a buɗe. Dokar kare haƙƙin nakasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika a 2024.

Ya kamata gwamnati ta cire harajin shigo da waɗannan na'urori, sassan injiniya na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello su ƙera masu araha da ke magana da Hausa, a gwada su tare da sarakunan makafi da ɗaliban makarantar makafi ta Gindiri. Kafin nan, mai wayar zamani zai iya yin rajista a Be My Eyes, domin makahon da ya kira ya ji muryar Hausa ta amsa masa.