Sunan Kamfani a Bakin Jama'a

A shekarar 2013 an baje kolin wani katafaren jirgin yaƙi na fim ɗin Star Wars a birnin New York, wanda aka gina da ƴan tubalan wasa na LEGO sama da miliyan 5. Kamfanin, mai mazauni a garin Billund na ƙasar Danmak, ya daɗe yana roƙon jama'a kada su mai da sunansa na kowane tubalin roba. Tsoronsa yana da tushe: a 1921 wata kotun Amurka ta yanke cewa Aspirin ya zama sunan gama-gari a bakin masu saye, kamfanin Bayer ya rasa ikonsa a kai.

Sai dai harshe ba ya jiran izinin lauya. A kasuwannin Maradi da Damagaram, kowane garin sabulu omo ne, kowane dunƙulen ɗanɗanon miya magi ne, alƙalami kuwa bik.

A ganina, kamfani ya tsare sunansa a jikin kwali, haƙƙinsa ne. Mu ɗaliban kimiyyar harshe kuwa, wajibinmu ne mu shigar da waɗannan kalmomi cikin ƙamus da ƙaramin baƙi. Ƙamus ɗin da ya ƙyale su zai tura mai koyo kasuwa da Hausar da ba ta sayen omo.