Ƙarfin sefa ba ƙarfin talaka ba ne

Tun da naira ta faɗi, magana guda ake ta juyawa a kasuwar Bonkuku, a tashar Filinge, har wajen mai shayi: sefa ta fi naira, mu dai mun tsira. Wasu da alfahari suke faɗinta, kamar ɗan kokawarmu ne ya kayar da na Najeriya. Ban yarda da wannan magana ba, kuma ina ganin tana rufe mana ido daga asarar da muke yi a cikin gidajenmu.

A 2024 ɗan ƙanwata ya dawo daga cin rani a Legas, bayan wata bakwai yana tura kurar ruwa. Ya kwance ƙunshin naira a kan tabarma, ya ce: “Kawu, dubi yawansu.” Da ɗan canji ya gama ƙirga, abin da ya dawo hannun yaron ƴan jikkuna ne da ba su cika buhu biyu na hatsi ba. A waccan shekarar jika guda ta sefa ta haura naira 2,000. Wa ya ci riba a wannan ƙarfi na sefa? Ba yaron ba, ba uwarsa da ke jiran kuɗin iri ba.

Masu alfahari sun manta cewa jiya naira ce ke sama. An fito da ita ranar 1 ga Janairu 1973, naira biyu a madadin fam ɗaya, kuma a 1980 naira guda a farashin hukuma ta haura dalar Amurka ɗaya da rabi, ta haura sefa 300. Man fetur ne ya ɗaga ta. Iyayenmu na Kurfai da Imanan a lokacin naira suke ɓoyewa a ƙasan akwati. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin takardun kuɗi, ta rufe iyaka, tsofaffin takardun da ke hannun mutanenmu suka zama shara. Fari ya haɗu da rufin iyaka, shi ya sa har yau ake kiran yunwar shekarar El Buhari. A 1986 Babangida ya kawo tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, naira ta kama gangara. A Yunin 2023 Tinubu ya sake ta ga kasuwa, dala ɗaya ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 1,500 cikin ƙasa da shekara.

Ita ma sefa ta taɓa kwana da ƙarfi ta tashi da rabinsa. Faransa ce ta ƙirƙiro ta a Disamban 1945, ta ɗaure ta da nata kuɗin. A Janairun 1994 aka zauna a Dakar aka karya darajarta: faran ɗaya na Faransa da ke sefa 50 ya koma 100. Ba a tambayi kowa a Bonkuku ba. Magani da taki da shinkafar waje suka yi tsalle. Tun 1999 kuma an ɗaure ta da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya. Idan ta tsaya cik a yau, yuro ne ya tsaya, ba rumbunanmu ne suka cika ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai darasin 1994 da ba a son tunawa. Da sefa ta yi sauƙi, shanun Sahel sun samu masu saye a kudu, makiyayi ya ga kuɗi. Yau abin ya juye. Najeriya ce babbar kasuwar dabbobinmu da wakenmu. Falke daga can, in ya shigo Baleyara da naira, sai ya iske sa guda ya fi ƙarfin jakarsa, ya taya da arha ko ya juya. Kayan can kuwa, daga sabulu zuwa takalmin roba, suna kwararowa da farashin da mai sana'ar gida ba zai iya kamowa ba. Kuɗi mai tsada daɗinsa na wurin mai albashi da mai shigo da kaya. Mai sayar da guminsa, wuya yake sha.

Gaskiya ɗaya masu alfahari da sefa suke da ita: hauhawar farashi a Najeriya ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024, mu kuwa ba mu ga irinta ba. Wannan kariya ce, ban raina ta ba. Amma kariya daban, arziki daban. Haka kuma masu cewa da zarar mun buga kuɗin kanmu wahala ta ƙare, su dubi naira. Kuɗin ƴantacciyar ƙasa ce, babban bankinta na Abuja, amma da ta jingina da mai kaɗai, ranar da mai ya faɗi tare suka faɗi.

Abin da ke riƙe kuɗi shi ne abin da ƙasa ke nomawa, take sarrafawa, take sayarwa. Manomin dankalin turawa a kwarin Dallol Bosso yana sayen iri mai tsada daga waje, sannan kowa ya haƙe a lokaci guda, farashi ya karye a Yamai saboda babu isasshen wurin ajiya. Nan ne darajar guminmu ke zubewa, ba a teburin ɗan canji ba.

Don haka, ƴan uwa, mu daina murna da faɗuwar naira. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu nemi hukuma da ƙungiyoyin manoma su ba mu ɗakunan ajiya, irin da za a samar a gida, hanya mai kyau da iyaka a buɗe. Ranar da ɗan Bonkuku ya samu a garkarsa abin da ke kai shi Legas nema, ranar ce kuɗinmu zai yi ƙarfi.