Makullin da ba a bari a duba shi ba

A watan Janairun 2021 WhatsApp ya aiko wa jama'a sanarwa cewa duk wanda bai amince da sabbin sharuɗɗansa ba kafin 8 ga Fabrairu, to ya nemi wani gidan. Hankula suka tashi, har sai da kamfanin ya ɗage wa'adin zuwa 15 ga Mayu. Mai karatu zai tuna yadda kiraye-kirayen ƙaura suka cika zaurukan 'yan uwa da na tsofaffin ɗalibai, kuma abin dariya, a kan WhatsApp ɗin ake yaɗa su. Da ƙura ta lafa, galibinmu muka koma inda muka baro.

Komawar ba ta dame ni ba kamar inda aka dosa tun farko. Da yawa Telegram suka nufa, alhali a can hirar yau da kullum da ta zauruka ba a kulle take daga mai aikawa zuwa mai karɓa ba, sai mutum ya buɗe hirar sirri da kansa. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Tambayar da ya kamata a yi ita ce: wa ke da ikon duba cikin manhajar? Tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙonni da fasahar da ya aro daga masu Signal, amma rubutun asalin manhajarsa a rufe yake, sai dai ka yarda da abin da Meta ya faɗa. Na Signal kuwa a fili yake, kowane masani na iya karantawa ya tona aibi in ya gani. Ni da kai ba za mu iya karanta shi ba, gaskiya ne. Haka ma ba kowa ke iya gane sikelin da aka yi wa coge ba, amma ɗan kasuwar da ya san ana iya zuwa a gwada nasa a kowace rana yakan shiga taitayinsa.

An ma taɓa gwada shi. A 2016 wata kotu a jihar Virginia ta Amurka ta nemi bayanan wasu masu amfani da Signal. Abin da aka iya miƙa mata shi ne lokacin da aka buɗe asusu da lokacin da aka hau na ƙarshe. Babu jerin abokan hira, domin ba a adana shi ba.

Lasisi ne ke tsare wannan buɗewa. Signal na ƙarƙashin dangin lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989, da sharaɗin cewa duk wanda ya gyara manhajar ya rarraba, wajibi ne ya bar nasa gyaran a buɗe. Masu goyon bayan lasisi mai sassauci irin na MIT na ganin wannan takurawa ce, wai 'yanci na gaskiya ya haɗa da damar rufewa. Ban bi su ba. Rijiyar da gayya ta haƙa, bai dace wani ya kewaye ta da katanga ya fara sayar da ruwa ba.

Kada a ɗauka ina wanke Signal. Tsakanin 2020 da 2021 ya shafe kusan shekara bai wallafa sabon rubutun na'urorinsa na tsakiya ba. Amma an gane, an yi ca a kansa, ya wallafa. A rufaffiyar manhaja, wa zai ma lura?

A watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa. Tara ba za ta buɗe rubutun ba. Ɗan jaridar da ke magana da majiyarsa a yankin da 'yan bindiga suka addaba, da lauyan da ke riƙe da sirrin wanda yake karewa, su ne ya kamata su fara sauya sheƙa, ko da zauren 'yan uwa ya tsaya inda yake.